Jirgin da Maigidana Ya Gina a Saman Ɗakina

A shekarun da ake ta zancen mulkin kai amma bai iso ba tukuna, ni matashiyar matar aure ce a Dukawuya, cikin birnin Kano. 'Yata ta fari tana wajen kakarta tun yaye, ni kuwa ina ɗauke da ciki na biyu a gidan surukaina. Duk gidan an san ni da baki. Mai tallar da ta tauye mini mudu ba ta sake gigin shigowa, ko kazar maƙwabta ta yi mini ɓarna sai unguwa ta ji. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane ba tsoro ne ya rufe mini baki ba a ranar da bakin zai yi amfani.

Maigidana ɗan dukawa ne, mahaifinsa yana da rumfar ɗinkin fata a Ƙofar Wambai. Amma shi bai zauna a sana'ar ba. Ya tafi can ƙasar gabas, inda ake haƙar farin dutsen da ake yin siminti da shi, ya samu aikin shafa wa wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai. Jirgin a cikin ramin haƙar kawai yake yawo, a kan siririn dogo, yana kwaso dutse yana haurowa da shi. Da Baba, wato surukina, ya ga ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya aika masa ya dawo ya riƙe rumfa. Ya dawo kuwa, don ba a musu da Baba. Sai dai gangar jikinsa kaɗai aka kawo mana. Mutumin nan ba ya iya zama. In ya ɗauki basilla ya yi ɗinki kaɗan sai ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo, ya sake miƙewa. A gida ma haka, daga zaure zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure, har in ce masa Malam ko kujerar ce take da ƙaya. Ba ya ko murmushi. Kullum Baba cikin faɗa yake, yana cewa shi dai burinsa ya ga yaron nan ya zauna wuri ɗaya kafin ya mutu.

Da bazara ta kama, sai ya fara hawa saman ɗakina. Ɗakin soro ne irin na birni, azara da ƙasa, samansa a shimfiɗe. In zai hau, yakan yi gyaran murya ya ɗaga harshe ya ce matan maƙwabta su kauce za a hau sama, kamar yadda magina suke yi. Daga nan jakai suka fara sauke mangalar ƙasa a ƙofar gida, yana ɗiba da kwando yana hawa tsani. Kowa ya ɗauka yaɓe yake yi kafin damina. Inna, surukata, har albarka ta riƙa sa masa, tana cewa yau ga ɗa ya yi hankali, tun hadari bai taso ba yana gyaran rufi. Baba kansa ya ɗan sassauta.

Wata rana da hantsi ya ce in hau in gani. Na ja cikina na hau da ƙyar, ina ƙorafi. Wallahi da na ɗaga kai sai na bar ƙorafin. Ba yaɓe yake yi ba, ramin haƙar dutsen nan ya gina gaba ɗaya a saman ɗakina. Ya tara ƙasar ya yi tudu da ya kai ƙugun mutum, ya yanka masa matakala hawa-hawa, ya manna masa gutsattsarin farin dutsen da ya taho da shi a buhu. Dogon jirgin da tsinken tsofaffin laima ya yi shi, ya liƙe da dalma, ya kafa shi da ƙusoshi a cikin rufin. Taragun kuwa gwangwanayen kifi ne, kan jirgin na gwangwanin madara, da injin wani mataccen garmaho a cikinsa. Ya murɗa injin ya yi masa wani kamar agogo, ya sake shi, abin ya tashi ƙir-ƙir-ƙir, ya shiga ramin, ya zagayo bayan tudun, ya hauro da tsakuwa a taragunsa. Malam ya tuntsire da dariya har da buga cinya. Tun da ya dawo ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ran nan. Ya riƙa nuna mini inda ake juya jirgi, da inda suke fakewa in za a fasa dutse, da inda yake tsayawa da butar mansa. Sannan ya roƙe ni kada Baba ya ji, sai ya gama. Na ce masa asirinsa a rufe yake.

To, gamawar ce ba ta zo ba. Yau ya ƙara tudu, gobe ya ce kwanar ta yi tsauri jirgi yana faɗuwa, sai ya tsige ƙusoshi ya sake kafawa a wani wurin. Ana cikin haka na haihu, namiji. Na shiga jego, wanka safe da yamma, kunun kanwa, sai kwanciya a ɗaki. Mai jego ba ta da aiki sai kallon rufi, ni kuwa abin da na gani a rufin ya hana ni sakat. Azara ɗaya ta fara yin ciki, daidai saitin inda nake shimfiɗe jaririn. Wata tsaga ta fito daga kusurwa tana tafiya a hankali. In Malam yana takawa a sama, ƙasa ta riƙa zubowa siri-siri a kan zanen goyo. Na ja shimfiɗar yaron zuwa gefe, na mayar da ita, na sake ja. Sai na zama kamar shi, na kasa zama, in tashi in kwanta in tashi. Na yi masa magana sau ɗaya, ita ma cikin zolaya, na ce jirginsa fa yana neman ya sauko ya gaida jariri. Ya yi dariya ya ce azarar gidan nan ta girmi ubansa, ba abin da zai same ta. Ni mai bakin nan, sai na yi shiru, don ba na son in kashe dariyar.

Inna ma ta tambaye ni. Tana gasa mini jiki ta ga ƙasa a kan gado, ta ce anya yaron nan ya gama yaɓen kuwa, ga gabas ta fara haɗa gira. Da na faɗi kalma ɗaya a ranar, da Baba ya sa an kwashe tudun kafin azahar. Na ce mata ya kusa. Na gaya wa kaina mace ta gari ba ta kai ƙarar mijinta wajen iyayensa, alhali rufin da ke kan ɗana yana lanƙwasa ina gani.

Ruwan ya zo ne bayan la'asar, irin na farko mai haɗe da iska. Malam ya baro rumfa a guje, ya suri tabarmi ya haye sama don ya rufe jirginsa, ko sanarwar maƙwabta bai tsaya yi ba. Ina kwance ina sauraron indararo, don in ana ruwa ƙararsa takan cika tsakar gida. Shiru. Ashe gindin tudun ya zame ya toshe bakin indararon, ruwa ya taru a sama ya rasa hanya sai ramukan ƙusoshi. Can sai na ga ruwa yana gangarowa a bango ta ciki, fari fat kamar an dama farar ƙasa. Azara ta yi wata ƙara da har yau ina jin ta a kunnena. Ban san lokacin da na fizgi yaron na yi waje ba, ba mayafi ba takalmi. Inna ta biyo ni tana salati, tana cewa na haukace ne, mai ɗanyen jego a cikin ruwa. Na ɗaga kai na ƙwala wa Malam kira ya sauko, da iyakar muryata, muryar da na ɓoye tun bazara. Ya juyo ya dube ni, tabarma a hannunsa. Sai rufin ya tafi da shi.

Maƙwabta ne suka tono shi daga cikin laka da karyayyun azara. Yana da rai, alhamdu lillahi, amma ƙugunsa ya tafi. Kan jirgin kuwa a inda nake kwantar da yaron aka tsince shi, ya lotse a ƙarƙashin ƙasa. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafafun dai ba su sake ɗaukarsa ba. Da hankali ya ɗan kwanta, Baba ya sa aka kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, 'yata, ke da kike kwana a ƙarƙashinsa, ba ki ga alama ba? Na ce na gani, Baba. Sai ya ce in koma ɗaki kada sanyi ya kama ni.

Shi ya sa nake kira ga 'yan'uwana mata, da mazan ma. Rufin asiri abu ne mai kyau, ni ma da shi aka rene ni, amma ban da inda rai yake. In kin ga abin da zai halaka naki, ki faɗa da ƙarfi, ki faɗa wa wanda zai iya hanawa, ko da za a yi fushi da ke. Da na faɗa, fushin Baba da na Malam da tuni sun wuce cikin mako. Ni na zaɓi in tsare masa dariyarsa, sai ya rasa ƙafafunsa.

Malam ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, bai taɓa ɗora mini laifi ba, bai kuma sake ambaton jirgi ba. Kullum da safe akan ɗauko shi a ajiye a kan buzu a zaure, da fata da basilla, ya yi ta ɗinki har magariba, ya kuma ƙware ƙwarai. Baba ya ga abin da ya roƙa, ɗansa ya zauna wuri ɗaya. Amma har ya koma ga Allah, in zai wuce ta zauren nan, kansa a kauce yake wucewa.