Albarka, Kin Tsofar da Ciwo Kin Ƙi Tsufa

Malama Rejoice, maƙwabciyata nan Gwandu, ita ka rubutawa, ni Habiba ina faɗi. Malama, rubuta yadda na ce, kar ki gyara min baki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata, bakwai ga Rajab, aka aiko daga Kalgo cewa Albarka, taubashiyata, ta cika.

Albarka, kin tuna da ciwon daji ya kama miki nono, na raka ki asibiti Sakkwato? Likita Timothy ya ce ciwon ƙwayoyin jiki ne masu haihuwa ba hutu, kuma akwai maganin da za a gwada, ya tsofar da su da gangan su bar haihuwa. Kika dafe kunci kika ce, "Ɗana, in ya zarce fuska fa?" Ke da ko jikokinki kin hana su ce miki kaka! Ya ce lalatattun kawai yake nema. Kika nuna ni kika ce, "To ba Habiba maganin, ita duk ta lalace."

Kin yarda ne don abu guda, ki kai bikin jikarki Fatima ki yi rawa.

Daga nan kika sa wa ciwon suna Gwaggo. In ya soke ki, sai ki leƙa cikin riga ki ce, "Gwaggo, an hana ki haihuwa, shi ne kika koma mita? Kwanta." Har goro kika riƙa yi mata tayi. Kuma da wannan jikin kika ɗauko min fura a mota tun daga Kalgo da na yi zazzaɓi, kika shanye rabi, wai kina ɗanɗanawa.

Gwaggo ta lafa, biki ya zo. Kin yi rawa har kallabi ya faɗi, kika taka min ƙafa, kika ce tsofaffi su matsa. Bayan damina Gwaggo ta farka.

Allah ya jiƙanki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka makwancinki. Usman ɗanki, da Fatima, da dangi na Kalgo da Masama, Allah ya ba mu haƙuri.

Yanzu wa zai ce min lalatacciya in ji daɗi?

Malama, aje biron. Na gaji.