Kawu Bala da Gwiwar Maryam

Kun dai san Kawu Bala, Allah ya ji ƙansa, ba ya amsa gaisuwa sai ya fara duba ƙafar mutum. Tun da ya dawo daga aiki a Sharƙiyya, can gabashin ƙasar nan, inda Filifinawa suka koya masa sofbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo ta ƙasan hannu a make ta da sanda, unguwarmu ta Al-Awali nan birnin Manzo ba ta sake hutawa ba.

'Yata Maryam ce mai jifa a ƙungiyar makarantarsu. Gwiwarta ta fara kumbura, likita ya ce in haka ta ci gaba sai dai ta bar wasan. Na kai ta gonar dabinon da Kawu yake gadi. Ya share ƙasa da ganyen dabino, ya ja layi, ya zura ƙwallon a aljihun jallabiyarsa.

Maryam ta ce, "Kawu, yalla, mu fara mana, ƙwallon fa?"

"Ƙwallo ta masu ƙafa ce, ya binti, 'yata. Taka in gani!"

Haka ta yi ta jifan iska. Duk ta dira, sai ya tsuguna yana karanta sawunta kamar mai bin ɓarawon akuya. "Kin dira da gwiwa a sandare kamar taɓarya! Lanƙwasa ta kaɗan. Ƙafar gaba a kan layi, a ɗan karkace, ta baya ta ja ƙasa."

Abin bai tsaya kan yara ba. A masallacin Ƙiblatain wani alhaji ya diro daga bas da gwiwa a sandare, Kawu ya tare shi: "Alhaji, koma ka sake saukowa!" Bawan Allah ya koma, a zatonsa cikin ladubban ziyara ne.

Ranar gasa ba a barin maza shiga makarantar, sai na ɗauko masa bidiyo. Su Maryam sun ci, ina ta rawar kai. Ya kalla ya yi tsaki: "Wa ya aike ki ɗauko fuska? Na san fuskarta ai!"

Na ce, "Kai Kawu, wannan naci har ina?"

Ya nuna kujerar robar da yake salla a kanta saboda ciwon gwiwa. "Ni ban samu mai gyara mini ba. Na manta rabon da goshina ya taɓa ƙasa. Ba na son haka ga yarinyar nan."

Gwiwar ba ta sake kumbura ba, Maryam tana jifanta. Wallahi ina kewarsa. Allah ya rubuta masa ladan kowace sujada da ya yi marmari bai samu ba, ya haskaka makwancinsa.