Bugun Sandar Baffa A Rufin Motata

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in sauke wani abu da ya daɗe a ƙirjina, kuma don Allah a sakaya sunana.

A shekarun da mulkin farar hula ya dawo, shari'a kuma ta shigo Kano da zafinta, ni saurayin direba ne a tashar Rano. Ina jan wata tsohuwar akori-kura fara, ina ɗaukar 'yan kasuwa da kayan gona tsakanin Rano da Kibiya da ƙauyukan wajen Tarai. Ba na shan komai, sallah ba ta wuce ni, amma ina da cuta guda ɗaya, wato son a ce ga wane. In na shigo tasha ba a waiwayo an dube ni ba, ranar nan ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Wanda bai taɓa hawa bayan akori-kura ba, bari in gaya masa yadda abin yake. Direba yana ciki, fasinja suna baya a kan buhuna, tsakaninsu sai ƙarfe da ɗan gilashi. In mutum zai sauka, ko kaya ya zame, ko wani ya ji jiri, rufin motar ake bugawa da tafin hannu, direba ya tsaya. Wanda ya koya mini mota, tun kafin ya nuna mini giya ya ce da ni direban kirki kunnensa ɗaya yana kan inji, ɗaya yana kan rufi. Na san wannan sarai, ba zan ce jahilci ne ya ja ni ba.

Cikin fasinjojina na kullum akwai wani dattijon Bafulatani da matarsa, rugarsu tana tsakanin Tarai da Kibiya. Baffa da Inna nake kiran su. Duk ranar kasuwa zan same su a gindin wata tsamiya, ita da ƙwaryar nono, shi da sandarsa. Inna a gaba take zama saboda ciwon gwiwa. Wasan jika da kaka muke yi da ita, in ce amaryata ta fito, ta ce ita ba ta auren mijin da ba shi da ko maraƙi, sannan ta miƙo mini ludayin kindirmo. Baffa kuwa wurinsa bayan kan mota, kuma shi da sanda yake buga rufi, ba da hannu ba. Kullum ina mitar zai ɓata mini fenti, kullum dariya yake yi.

Rediyon da motar ta zo da shi daga kamfani muryarsa kamar ta mai mura, da an hau hanyar burji ba ka jin komai sai ƙarar ƙarafa. To sai kakar zaɓe ta zo. 'Yan siyasa suna ɗaukar hayar motocin da ke da sauti, a manna musu fastoci, su zaga gari da waƙoƙin kamfen. Wani abokin aikina ya sa amfilifaya, wato na'urar nan da ke ƙara wa rediyo ƙarfi, nan da nan aka ɗauke shi. Ni kuwa 'yan tasha suka sa wa motata suna motar kurame. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na shiga birni wajen masu kayan sauti. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya 'yar ƙarama ce mai nauyi, 'yar Beljiyam, wato ta hannu daga Turai, da ya kunna ta kowace kalma ta mawaƙi tana fita tar. Ɗayar ƙatuwa ce mai walƙiya, da fitilu suna wasa a gabanta, ga ta da arha, da ya kunna ta har ƙofar shagon sai da ta yi rawa. Mutumin bai cuce ni ba, ya gaya mini ƙaramar ta fi, ya ma ce arha ba ta ado. Ni dai ƙofar nan da ta yi rawa ita ta tafi da hankalina. Na ɗauki ƙatuwar, na haɗa da akwatin sifika wanda da ƙyar na iya rungumarsa.

A Rano rewaya, wato mai haɗa wayoyin mota, ya duba ya ce akwatin ba zai shiga bayan kujera ba. Na ce ya ɗora shi a kujerar tsakiya, ya jingina shi da gilashin baya, ya ɗaure da noti. Ya tambaye ni ta ina zan riƙa ganin mutanen da na ɗauka, na ce madubin gefe yana nan. Da haka gaban motar da ke ɗaukar mutum biyu ya koma na mutum ɗaya. Sai daga baya na gane aibin na'urar: ganga ce zalla, muryar mawaƙi tana nutsewa a ciki, in kana son jin abin da yake faɗi dole ka murɗe ta har ƙarshe. In ka murɗe kuwa rufin mota ya riƙa dukan kansa, madubin gefen ya riƙa karkarwa ba ka ganin komai. Tun a makon farko na fara wuce mutane wuraren saukarsu, suna faɗa ina dariya. Wata rana Baffa ya sauko ya dube ni ya ce, "Ɗana, gangar nan taka ta fi sandata murya." Na ɗauka wasa ne irin namu.

Ranar da abin ya faru da safe ne, cikin damina, ana yayyafi. A Tarai na ɗauki wani jigon jam'iyya na mazaɓa wanda na daɗe ina bi don ya sa a ɗauki motata haya. Na ba shi gaba. Da muka iso gindin tsamiya na ba Inna haƙuri, na ce yau dai ta hau baya. Ba ta yi fushi ba, ta ce ashe yau miji ya yi baƙo. Buhuna sun cika motar, sauran fasinjojin mata ne da ƙorensu, wurin da ya rage sai can bakin ƙofar baya. Nan ta zauna da ƙwaryarta a cinya, Baffa ya haye wurinsa na kullum.

Na ɗaga gilasai saboda ruwa, na sa kaset ɗin da jigon ya miƙo mini, na murɗe har ƙarshe. Yana gyaɗa kai yana murmushi, ni kuma kaina ya kumbura. Akwai wani wuri da ruwa ya cinye hanya wanda kullum nake rage gudu, ran nan ban rage ba, ina so ya ga motata ba ta wasa ba ce. Motar ta yi tsalle ta dire, muka wuce. Jim kaɗan na ji rufi yana bugawa da ƙarfi fiye da yadda na saba. Na ce a raina lallai wannan kaset yana da ganga. Edita, wannan shi ne wurin da ba na iya faɗa da baki, shi ya sa na rubuto: har ina kaɗa yatsuna a kan sitiyari ina bin bugun.

Mun kusa shiga Kibiya sai na ga wani farin ƙyalle ya faɗo ya rufe gilashin gabana. Na taka birki cikin fushi, na kashe kaset ɗin. Sai na ji kukan mata. Na fito na ga Baffa a tsaye a kan buhuna, kansa ba komai, ruwa yana zuba a furfurarsa. Rawaninsa ne ya kwance ya jefo, sandarsa kuma ta tsage gida biyu a hannunsa. Inna ba ta cikin motar. Matan suka ce a wurin tsallen nan ƙwaryarta ta zame, ta miƙa hannu ta tare, ta bi ta.

Na juya mota. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba sai ran nan. Muka same ta a bakin wata gonar gero, ta ja jikinta daga tsakiyar hanya, nonon ya malale ya gauraya da jan laka, jini yana zuba daga kanta. Duk da halin da take ciki ta jawo mayafinta ta rufe jikinta. Tana da sauran numfashi. Jigon ya fita, muka so mu kwantar da ita a gaba, akwatin sifika ya hana. Na ja shi da iya ƙarfina, notin da na ce a ɗaure tamau ya ƙi. A zaune a kujerar gaba Baffa ya rungume ta a ƙirjinsa. Kafin mu kai asibiti a Rano na ji ya fara salati a hankali, na san ta cika. Likita ya ce jini ne ya zuba da yawa. Ban tambaye shi ko da mun zo da wuri da ta tashi ba, don ina tsoron amsar.

Samarin ruga sun so a je gaban alƙali a yi maganar diyya, kuma hakkinsu ne. Baffa ya hana. Mahaifina ya kai ni zaman makoki, na durƙusa a gabansa na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, na yafe maka duniya da lahira. Amma na buga, ɗana. Wallahi na buga." Da ma zagina ya yi, ko ya sa a ɗaure ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Na cire na'urar, na yi azumin kaffara kamar yadda malamai suka ce. Ranar da na hau wanke motar na ga rufinta duk ya lotsa, rami kusa da rami, fenti ya ɓare har ƙarfe ya fito. Na kai ta wajen mai gyaran jikin mota, da ya ɗaga guduma na ce ya bari. Haka na ci gaba da jan ta. Baffa bai sake shiga motata ba. In na wuce gindin tsamiya zai ɗaga mini hannu mu gaisa, ya jira wata motar, har Allah ya karɓi ransa.

Abin da na koya shi ne ba sai mutum mugu ne yake kashe rai ba, son a sani ma ya isa. Ban zo in ce kiɗa halal ne ko haram ba, wannan na malamai ne. Kira nake ga 'yan uwana direbobi, musamman samari. In za ku ƙara wa rediyon mota ƙarfi, kada walƙiya da arha su ruɗe ku, kuma kada ku toshe gilashin da kuke ganin amanar da kuka ɗauko. Kafin ka bar wajen rewaya ka shiga ka rufe ƙofa, ka kunna, ka sa wani ya buga rufin. In ba ka ji ba, ka ce a cire.

Yanzu na manyanta, motata ko rediyo babu. Amma har yau, da rana tsaka, ina cikin tafiya sai in ji an buga rufi. Ba na gardama, nan take nake taka birki in fito in leƙa baya, ko da na san ban ɗauki kowa ba. 'Yan tasha suna cewa wane yana tsaya wa aljanu. Su faɗi abin da suke so. Gara in tsaya ba kowa da in sake wucewa ana bugawa.