Ranar da na zauna a kan kulas

Ranar ba ta taɓa fita daga raina ba, har sa'arta ina riƙe da ita. Ƙarfe goma da rabi na safe ne, lokacin da Agali ya jingine babur a ƙofar garaji ya ce a miƙo masa kulas ɗin motar Alhaji. Daga nan al'amari ya fara karkacewa. Ina rubuta wannan ne domin ƙannena na sashen kanikanci da za su fita sitaj, wato koyon aiki a garaji, bana, musamman masu nauyin baki irina.

A lokacin ina ajin ƙarshe, makaranta ta tura ni koyon aiki garajin Malam Illa a nan Tawa. Ni kaɗai ce mace a wurin. Aikina wanke ƙarafa da gazuwal, wato man dizal, da jera su a kan buhu. Malam Illa yana kirana 'yar lakwal, wato 'yar makaranta. Agali, babban ma'aikacinsa, yakan ce tun da na zo bai ji muryata ba sai a sallama.

Motar kuwa ta Alhaji Mahamadu ce, tsohuwa ƙirar Amurka, doguwa, ja, mai silinda takwas. Ya sayo ta a Abijan tun yana zuwa bida, wato ci-rani, da ƙuruciyarsa, kuma ya ƙi rabuwa da ita. Garinsu yana gaba da Barmu, kuma dab da shiga garin akwai tudun rairayi. A 'yan shekarun nan duk lokacin da ya je gida sai motar ta cije a tsakiyar tudun, sai mutanen gari sun taso sun tura. Abin yana ci masa rai.

"Malam Illa, ƙarhi nika so," in ji shi. "Ta hau da ƙahwarta, kamar da."

Maigida ya yanke shawarar a kai kulas wurin mai injin gyaran ƙarfe a kankare shi kaɗan. Ga wanda bai sani ba, kulas shi ne murfin da ke rufe saman inji, kuma irin wannan mota kulas biyu gare ta. A cikinsa akwai 'yan ramuka inda mai da iska ke ƙonewa. In aka kankare fuskarsa, ramukan sun ƙanƙance, matsi ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Dabara ce mai kyau, makanikai sun daɗe suna yin ta. Sai dai abin da aka kankare ba ya komawa.

Da safiyar nan ni aka ba wankinsu. Da na gama, sai na yi abin da aka koya mana a aji. Na kifa su, na ɗauko sirinjin da na saya a kantin magani, na dinga ɗura mai a kowane rami ina duba yawan da ya ci. Na gwada da abin da littafin injin ya faɗa, wanda na samo a wayata. Ramukan duka sun gaza, na kulas ɗin hagu ma sun fi gazawa. Na sake awon, bai canza ba. Ke nan an taɓa kankare su, wataƙila tun a Abijan. In aka ƙara, da irin man kwalba da muke saye a bakin hanya, ga zafin watan bazara, injin zai yi ta ƙwanƙwasa har fistan ya huje. Fistan ɗin wannan mota kuwa babu shi a Tawa, babu shi a Ƙonni. Motar ta mutu ke nan.

Na tabbata da awona. Bakina ne matsalar. A garaji akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba: ɗan koyo ba ya gyara wa maigida magana a gaban mai mota. Ga Alhaji zaune a benci tun safe, suna hira da Malam Illa, ba alamar tashi. Ga Agali ya miƙo hannu.

Kulas biyun suna jere a kan buhu. Sai na gyara hijabina na zauna a kansu.

"Ke, tashi in ɗauka," in ji Agali.

Na sunkuyar da kai.

"'Yar lakwal, kujeru sun ƙare ne? Ga benci can."

Ban motsa ba. Ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu. Da namiji ne da tuni ya ɗaga shi ya ajiye gefe, amma ni babu mai sa mini hannu, kuma dukanmu mun san haka.

Sai Agali ya ƙwala wa maigida kira. "Patiron, zo ka gani! Kazarka ta hau ƙwai."

Alhaji ya yi dariya har da buga sanda. Malam Illa bai yi ba. Ya dube ni, ya dubi sirinjin da ke hannuna, sannan ya juya ya ce, "Alhaji, rana ta yi. Tahi gida ka huta, in an gama ni aiko." Ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da kabu-kabu, ya dawo ya tsaya a kaina.

"To, babu baƙo yanzu. Mi ne ne?"

Na tashi. Gazuwal ya ɓata mini zane. Na ce, "Baba, an taɓa kankare su. Na hagu ya fi ciwuwa."

Na maimaita awon a gabansa. Ya ɗauki na hagun ya kai shi hasken rana, ya bi gefensa da farce, ya nuna mini wata 'yar alama da masu ƙera injin ke bari a jikin ƙarfen. Saura kaɗan ta shafe. Ni ban ma san da ita ba, littafina bai ambace ta ba.

"Agali, mai da babur," ya ce. Sannan ya dube ni. "Kin hana. To ina za mu samo mashi ƙarhin? Alkawali na ɗauka."

Wannan na riga na yi tunaninsa. Na ce injin bai rasa matsi ba, numfashi ya rasa. Bututun hayaƙi ya lotse a wuri biyu saboda duwatsun hanya, matatar iska ta toshe da ƙasa, supap ɗin, wato marufan da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya, ba sa rufewa sosai, karbiratar da ke gauraya mai da iska kuma rabinta kawai ke aiki, ƙofofinta na baya sun daskare da tsatsa.

"Ke za ki yi supap ɗin," in ji shi. "Duka."

Ranar ce farkon da na riƙe wani abu a garajin nan ban da buroshin wanki. Kwanaki na yi ina murza supap da hannu har tafina ya yi kanta. Agali ya yanke bututun ya sa sabo mai faɗi, yana yi yana tsokanata wai a kawo mini matashi in zan sake zama. Da aka haɗa injin, na kawo adadin da littafi ya ce a saita wuta a kai. Malam Illa ya fara daga nan, sannan ya kara kunne yana juyawa a hankali, ya ɗan rage.

"Littahinki bai sha man kwalba ba," ya ce. Gaskiyarsa ne.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Ku auna kafin a yanke, domin ƙarfe ba ya tsirowa. In kun tabbata da awonku, ku nemi hanyar tsayar da aikin ba tare da kun zubar wa maigida mutunci ba. Mutanen sana'ar nan suna jin gaskiya, in ba a gaban baƙo aka jefa musu ita ba.

Abu ɗaya ya rage mini. Malaminmu yana so kowa ya faɗi ƙarfin doki nawa aikinsa ya ƙara, kuma babu na'urar auna wannan a inda muke. Na tambayi Malam Illa, ya ce in tambayi motar. Na tambayi Agali, ya ce shi raƙumi ya sani.

Ranar gwaji muka tafi da tsakar rana da gangan, don zafi ya faɗi gaskiya. Alhaji ke tuƙi, Malam Illa a gefensa, ni a baya ina sauraren ƙwanƙwasa. Ban ji ba. Da muka wuce Barmu muka hango tudun, sai ga mazan gari a gindin wata bishiya, wasu har sun fara naɗe hannun riga. Alhaji ya sa giya ta biyu ya taka. Motar ta yi ruri, ta watsa rairayi baya, ta haye ba ko tari.

A saman tudun ya tsaya, ya kashe, ya daɗe riƙe da sitiyari. Na tattaro ƙarfin halina na ce, "Baba Alhaji, a ganinka doki nawa ta ƙaru? Za a tambaye ni a lakwal."

Ya leƙa ta taga ya dubi mutanen da ke ƙasa, suna tsaye da hannun riga a naɗe, babu abin turawa.

"Ɗiyata, ni ban san doki ba," ya ce. "Ƙirga waɗancan. Ki ce ma malaminku ƙarhinsu duka ya koma cikin mota."