Ranar da Gwaggo Hadjo ta yi wa kaji lalle

Wai kaza mai ƙafa rawaya ita ce lafiyayya! Wa ya gaya muku? Abinci irin masara ne kawai ke rina ƙafar. Ku tambayi Balkisu ta Zongon Parakou, wadda wannan camfin naku ya kusa kashe wa kasuwa.

Balkisu tela ce a da. Ido ya fara ba ta wuya, ta ajiye keke, ta kafa akurki a bayan gida tana kiwon kajin nama. Shekarar da masara ta yi tsada, yayanta Usuman ya riƙa aiko mata farar dawa daga Kolokondé. Ta niƙa, ta haɗa da waken soya da garin kifi da garin bitamin na likitan dabbobi. Sati shida kaji suka zama tubarkalla, ƙirji kamar na ɗan kokawa. Amma ƙafa fara fat, kamar alli.

Hajiya Zouéra, mai dafa abincin biki a Ladjifarani, ta ɗaga guda ta yatsina fuska. "Wannan ba ta da jini. Zan dawo Juma'a. In haka suke, sai wani wuri." Kuma kowa ya sani, abin da Hajiya ta ƙi, unguwa uku sun ƙi shi.

A lokacin Gwaggo Hadjo ta zo ziyara daga Djougou. Jikar fataken goro ce, shekara talatin tana yi wa amare lalle.

"Ɗiyata, ko goro sai an yayyafa masa ruwa yake shiga kasuwa."

"Gwaggo, don Allah ki bar mini kajina."

"Na taɓa su?"

Juma'a da safe Balkisu ta tafi injin niƙa. Ta dawo ta tarar da Gwaggo zaune kan kujera 'yar tsugunne, kwanon gangamau da manja a gefe, kaza a cinya, tana shafe mata ƙafa. Talatin sun riga sun sha ado, suna takawa kamar ƙawayen amarya.

"Gwaggo! Kin kashe ni!"

"Yi mini shiru, saura goma."

Sai ƙarar zem, wato acaɓa, a ƙofar gida. Hajiya ta sauko daga babur cikin farar shadda, daga nan gidan biki za ta.

"Voilà! Ga kaji!" Ta cafki guda. Kaza ta yi fiffike, ta dira mata a ƙirji, ta gangara har cinya. Sawu shida a shadda, rawaya kamar ɗorawa, yatsu uku-uku.

Gwaggo ta ce, "Jinin ne ya yi mata yawa."

 Balkisu ta kalli shadda, ta kalli kwano. "Hajiya, gangamau ne. Ƙafarsu fara ce don dawa suke ci. Ki zauna, in naman bai yi ba, ki faɗa wa duk Parakou."

Ta kira maƙwabci ya yanka mai farar ƙafa, ta soya. Hajiya ta ci cinya tana harara. Ta ci ta biyu hararar na raguwa. Ta tsotse ƙashi.

"Arba'in ɗin duka, har da wadda na ci. Amma shadda ke za ki wanke."

Wanki huɗu, sawun bai fita ba.

Daga baya likitan ya ce ta riƙa zuba garin zogale cikin abincin. Ƙafa ta fara yin rawaya da kanta, halal. To yanzu duk wanda ya zo saye sai ya tofa yawu a yatsa ya murza ƙafar kaza, ya duba. Gwaggo kuwa tana can Djougou tana cewa ita ta buɗe wa yarinyar kasuwa.

Ku masu murzawa, na san kuna karantawa. Ku fito ku faɗa mana: ƙafa kuke ci ko nama? Kada wanda ya wuce shiru!