Irin Bawa a Kabad ɗin Laburare

Shekara ashirin da shida Malam Halliru ya yi yana buɗe ɗakin karatun garin Isa da ƙarfe takwas, ya rufe bayan la'asar, kuma in aka cire 'yan jarrabawa da masu gudun rana, mutum ɗaya ne za a rantse da shi cewa zai zo. Abin dariyar, wannan mutum ɗaya ko sunansa bai iya karantawa ba. Baba Bawa ne, wani tsohon manomi daga Kamarawa. Duk ranar kasuwa zai jingine kekensa, ya zauna a bencin da ke kusa da taga, ya sa a karanta masa tsohuwar jarida, shi kuma ya ƙaryata ta layi bayan layi. Halliru yakan yi kamar abin yana ƙona masa rai, amma tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse birane, da wannan gardama yake auna mako.

A shekara ta biyu da fari ya jera, aka kira ma'aikatan laburare kwas na mako uku a Sakkwato. Halliru ne mai furfurar ajin. Da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, yana yi yana neman afuwarta. Malama Rahmatu, mai koyar da su, ta yi haƙuri da shi ƙwarai. Ta koya musu buɗe shafuka a intanet, da nemo wa mutum abin da babu shi a kan kantocin littattafai. Duk cikin darussan, ɗaya ne ya zauna masa: shafin masu hasashen yanayi, inda ake ganin taswira da launuka, a san inda ake sa ran ruwa da inda zai ɗauke. Ta ja musu kunne cewa hasashe ne, yana faɗawa daidai yana kuskure. Ya rubuta wannan a littafinsa, ya ja masa layi biyu.

Ya dawo da kwamfuta ɗaya da faifan sola, ya share mata tebur, ya rufe ta da tsohon mayafin matarsa. Ya zaci garin zai cika ɗakin. Ba wanda ya zo, don mutane na can suna neman abin da za su sa a tukunya. Kullum shi kaɗai zai buɗe shafin, ya ƙura wa taswirar ido, ya rufe.

Ana tsakiyar bazara Bawa ya shigo da ƙaramin buhu a kafaɗa, ya dire shi a gaban tebur.

"Malam, irin gero na, tiya shidda. Wanda nig gada ga ubana, mai saurin nuna. In yak kwana gidana, wata rana matata Tani za ta dube ni in dube ta, mu daka shi. Ka kulle min shi nan."

"Baba, nan ɗakin littattafai na."

"To mi? Wa ka cin littahi? Ka kulle shi, kuma ka ji ni da kyau: kak ka ba ni shi sai akwatin nan naka yac ce damana ta zauna. Bara sau ukku ina shibka tana ƙonewa. Ko na yi kuka, kak ka ba ni."

Halliru ya kwashe manyan ƙamusoshi daga kabad ɗin ƙarfe, ya ajiye buhun, ya sa kwaɗo. A iyakar saninsa, wannan ne karo na farko da wani ya ba ɗakin amanar abin da ransa ya dogara a kai. Daɗi ya kama shi, tsoro ma ya kama shi.

Bayan mako biyar ruwa ya sauka, mai ƙarfi, har ƙasa ta yi ƙamshi. Washegari duk hanyar ƙauyukan Turba da Tozai mutane ne da sungumi a kafaɗa. Halliru ya buɗe shafin tun kafin ya share ɗaki. Ga abin da ya gani: bayan wannan ruwa, ana sa ran zai ɗauke na kusan mako uku. Ya rufe ya sake buɗewa, ya kira Malama Rahmatu a waya ta duba masa. Ta ce haka ita ma ta gani, amma Allah ne masani.

Hantsi bai yi ba sai ga Bawa, ƙafafunsa duk laka, yana fara'a.

"Malam, buɗe kabad! Ƙasa ta jiƙa har ga gwiwar hannu."

"Baba, ruwan ga za shi ɗaukewa. Ka yi haƙuri kwana ashirin."

"Kwana nawa? Kowa na gona, ni ina zaune awa mai takaba? Ba ni irina."

"Kai kac ce ko ka yi kuka kar in ba ka."

"Na janye! Ni da abina?"

Makullin yana aljihun Halliru, yana jin sanyinsa a cinya. Iri na Bawa ne, gona tasa ce, shi kuwa rabonsa da riƙe fartanya tun yana saurayi. In taswirar ta yi kuskure, ya hana tsoho damina guda da hannunsa. In ya buɗe kuma ta yi gaskiya, irin da aka gada tun kaka ya ƙare a ƙasa busasshiya. Ya sunkuyar da kai ya ce ba zai buɗe ba.

Bawa bai yi zagi ba, kuma da ya zaga da ya fi sauƙi. Ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Ashe haka ɗan boko yake," ya hau kekensa ya tafi.

Ranar kasuwa ta zo, benci ya wuni babu kowa. Ta sake zagayowa, haka. Halliru yakan ɗauko jarida, ya tuna babu mai ƙaryata ta, ya mayar. Kunya ta hana shi zuwa Kamarawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai san me zai roƙa ba: in ya roƙi ruwa ya sauka, ya zama ya cuci Bawa, in ruwa ya ƙi kuma, gonakin gari ne ke mutuwa. Sai ya roƙi ruwan duk da haka, yana cewa gara shi ya ji kunya. Ruwa bai zo ba. Tsiron da ya fito kore ya kwanta, ya bushe a kan kunya.

Kwana ashirin da uku, taswira ta sauya launi, da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kwana biyu a jere. Halliru ya liƙa takarda a ƙofa, karo na farko da ya rufe ɗakin a ranar aiki, ya ɗaure buhun a bayan babur, ya kama hanyar Kamarawa yana ta shirya maganar da zai yi.

Ya tarar da ƙofar gidan an kare ta da ƙaya. Maƙwabcin Bawa, Ɗanmusa, ya fito ya gaishe shi, ya dubi buhun.

"Kai na mai littattahai? Ai sun tahi. Da yad dawo daga wurinka bai iya zama ba, yak kwashi ɗan hatsin da sunka rage na ci, yash shibka. Da ya ƙone babu abin dakawa. Kwana shidda ke nan sunka wuce Maraɗi, wurin ɗiyarsu."

Halliru ya dubi buhun da ke bayan babur. Ya tsare irin, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai wani hatsin da tsoho zai iya zubawa a ƙasa ba. Da ƙyar ya tambaya ko an bar masa saƙo.

"Ba saƙo. Sai wanga." Ɗanmusa ya shiga zaure ya fito da sungumi, ƙotarsa ta yi santsi don daɗewa a hannu. "Yac ce in aje, mai iri za shi zowa."

Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara a gaba, ɗaya na bi yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ɗanmusa na da tasa gonar da za a sake shukawa, don haka ya nuna masa iyakar ta Bawa ya wuce. Halliru ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya sari layi guda har ƙarshe, karkatacce, irin wanda Bawa zai yi mako yana yi masa dariya a kai. Ya ajiye sungumin, ya dawo farkon layin shi kaɗai, ya kwance bakin buhun.