Gaisuwa a Bakin Gangare

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma abin da ya faru a kan wani dutse na ƙasar Jojiya, wannan kam da shi za a kai ni kabari.

A lokacin akwai wani ɗalibin jami'a, mutumin Maraɗi, da yake neman auren jikata. Ita tana sonsa, ubanta ya yarda, ni ne na riƙe maganar. Dalilina ɗaya ne: ranar da ya fara zuwa gidanmu a unguwar Ƙurban da ke Madina, a tsaye ya miƙo mini hannu irin na Larabawa. Ni kuwa a makarantar mishan aka hore ni, inda ko maɓallin riga ya karkace sai mutum ya sha bulala. Na aika masa cewa wanda bai iya durƙusa wa babba ba, bai isa riƙe gida ba.

Da hunturu ya shigo, ɗana ya samo tafiya mai araha zuwa wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, masauki da abinci duk a ciki. Ya gayyaci yaron da gangan, wai ko zan sake duba shi.

Washegarin isarmu aka hau da ni saman dutsen. Ina tsaye a bakin gangare, babbar riga a kan rigar sanyi, sai ga shi ya taho kamar agwagwa, an ɗaure masa dogayen katakai biyu a ƙafa, ga sanduna biyu a hannu. Yana ganina ya zubar da sandunansa, ya durƙusa.

"Baba, barka da hantsi. An tashi la..."

Ashe a kan katakan nan, durƙuso shi ne yadda gwanaye suke ƙara gudu. Ni ban sani ba, shi ma bai sani ba. Yaro ya fara tafiya, kansa a sunkuye.

Jikata ta ƙwalla ihu, tana haɗawa da Larabci: "Ya jaddi, kakana, halas, ya isa haka, ka amsa masa! Wallahi ba zai ɗago ba sai ka amsa!"

Na ɗaga murya iya ƙarfina: "Lafiya lau! Tashi!"

Daga can ƙasa iska ta kawo mini: "Ina gajiyaaa?"

Haka ya ratsa tsakanin Turawa, wasu na tsalle gefe, wasu na tafa masa, har ya nutse cikin wani tulin ƙanƙara. A nan gabana ya faɗi, domin ɗan mutane ne, kuma maganata ce ta tura shi.

Muka sauka muka tarar ana tono shi, girarsa ta yi fari fat, ba karaya. Yana buɗe ido ya gan ni, sai ya fara haɗa gwiwoyi.

Na danne kafaɗarsa. "Kul! Zauna yadda kake. Idan mun koma Madina, ka turo magabatanka."

Har yau ban sassauta a kan ladabi ba. Sai dai na koyi cewa kafin dattijo ya kafa wa yaro doka, ya kamata ya fara duba irin ƙasar da yaron zai tsaya a kai.